Ƙarar Masara a Waya

Sabuwar masara ta shigo kasuwar Kafin Maiyaƙi, ƙamshinta ya tuna mini da Baba, dattijon da ya koya mini cinikin hatsi.

Shekarar da ciniki ya koma waya, manyan masu sayen hatsinmu biyu suka daina zuwa. Hoto ake tura musu daga wasu rumfuna, su aiko da mota. Da na tura namu, ɗayansu, wani Alhaji a Kano, ya ce ya gaji da hoto, an sha haɗa shi da ɗanyar masara.

Baba kuwa bai taɓa sayen buhu bai ciji ƙwaya ba. Ya ce, "Kira min shi, ka matso da wayar bakina."

Da na kira, Baba ya ɗebo daga tsakiyar buhu, ya ciza, ƙaras!

"Alhaji, ka ji? Ɗanya ba ta wannan kuka."

Alhaji ya fashe da dariya. "Baba, haƙoran naka fa?"

"Saura kaɗan, yi sauri ka saya."

Har yau a wurina Alhaji yake saye. Ɗayan bai dawo ba, amma rumfa tana nan a buɗe. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa.