Naman da Kawu Ya Binne

Shekara guda yayana ya yi yana ɓoye gyambo a kan al'aurarsa. Kafinta ne a Tudun Wada, mai kunyar tsiya, ko wando ba ya ambata a gaban mata. Sai da wari ya tona masa asiri na tasa shi gaba zuwa asibiti.

Likita ya yanki ɗan nama, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya jefa cikin kwalba mai ruwan magani. Ya ce in kai ɗakin gwaji, don yana zargin ciwon daji ne, irin wanda ƙwayar cutar HPV ke jawowa in ta daɗe a fata. Ranar Juma'a ce, na tarar ma'aikatan sun tashi. Na dawo da kwalbar gida na ajiye a tagar zaure.

Ran Litinin na nema na rasa. Kawunmu, da ke zaune tare da mu, yana alwala ya ce, "Na binne a gindin darbejiya. Naman mutum ne, ɗana, ba a yawo da shi cikin keke kamar tsire."

Wallahi kamar in fasa ihu. Na tona wurin da hannuna. Ya zubar da ruwan, ya naɗe naman cikin farin ƙyalle, tururuwa sun riga ni.

Yaya ya kafe ba za a sake yankarsa ba. "An gani sau ɗaya, ya isa," in ji shi. "Har da ɗalibai mata tsaye a kaina." Wata huɗu ina lallashi ina faɗa, shi kuwa yana shan jiƙe-jiƙen wanzami. Ni kaɗai na zama marar kunya a gidan.

Da ya yarda aka sake, sakamako ya nuna daji ne, ya ci ciki, har ya kai kaluluwar matsematsi. Likita ya ce da tun farko ne, wataƙila kan al'aurar kawai za a cire. Yanzu duka za a yanke.

Ranar da aka sallame shi, muna cikin keke ina riƙe da jakar fitsarinsa, ya ce, "Ka gaya wa Kawu aikin basir aka yi mini. Kada ransa ya ɓaci."

Haka na gaya masa. Kawu ya ce ai dama ya san ba wani abu ba ne, mu ne dai da son asibiti.