Ƙarfen da Inna ta ɗinke mini a zani

Wallahi wannan abu a kaina ya faru, ba ji na yi ba, muna zaune a Turawa ta Karaye, zamanin soja, ina jegon fari. Na gama wanka amma bayana ya ƙi, ko goyo ba na iyawa, sai dai in zauna ina kallo matan gida suna goya mini yaron, har ya fara miƙa musu hannu yana juya mini ƙeya. Wannan ya fi ciwon ci na.

Maigidan ya kai ni asibiti Kano, ɗakin gashi. Ni na zaci garwashi za a hura, sai ga wani inji mai dogon wuya kamar zalɓe, ba wuta ba hayaƙi. Ma'aikaciyar ta ce zafinsa ta iska yake shiga har cikin tsoka, amma ba ya shiri da ƙarfe, in cire duk na jikina. To mu a garinmu mun san su waye ba sa shiri da ƙarfe, mutanen ɓoye ne. Na tuɓe 'yan kunne da awarwaro, na kwanta ina karanto duk addu'ar da na iya.

Da farko ɗumi mai daɗi, har da gyangyaɗi. Can sai na ji an mintsine ni a ƙugu, mintsini mai zafi. Ni da aka shigo da ni a rirriƙe, sai ga ni a bakin ƙofa ina salati, mutane na darewa. Matar ta kamo ni tana dariya, ta laluba bakin zanina, sai ga guntun ƙarfe a ɗinke, zafi zau. Ashe Inna surukata ce ta saka mini don tsari, ban sani ba.

Da muka koma na tarar da Inna da yatsa naɗe a tsumma. Wai ƙarfen biyu ta raba shi, rabin yana ƙarƙashin matashin jariri, da hantsi ta ɗauka za ta gyara shimfiɗa ya ƙone ta. Da hantsin nan kuwa nake kwance a Kano.

Ta ce, "Ke 'yar nan, wa kika je kika tsokano mana a birni?"

Baya dai ya saki, na goya abina. Inna kuwa har ta rasu, Allah ya ji ƙanta, da ludayi take ɗaga ƙarfen nan. 'Yan uwa mata, in an ce ku je gashi ku je, amma ku laluba zaninku tukun, ku kuma tambaya a gida ina ɗaya rabin yake.