Ƙuri'a Ɗaya ta Direkta Moumouni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1989, cikin watan Sha'aban, ina tsaka da auna wa wata mata yadi a shagona aka zo mini da labarin cewa Malam Moumouni Mato, tsohon direktan makarantarmu ta Zongo, ya amsa kiran Ubangijinsa bayan gajeruwar jinya. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Ni Nata'ala, da na daɗe ina shugabancin ƙungiyar iyaye da malamai, na rasa amini, na kuma rasa mutumin da na fi yin gardama da shi a duniya.

Malam Moumouni, da aka tashe mu daga tsohon Zongo aka kawo mu nan wajen Agoè a bayan gari, kowa ta ɗakinsa yake yi, kai kaɗai kake zancen makaranta. Ka bi mu gida gida har muka ji kunya muka kafa rumfa, daga rumfa muka yi bulo. Da yake mu iyaye muka gina ta, mu ke naɗa direkta, mu ke sauke shi. Ban manta ranar da ka zauna ka tsare wa Talatu mai koko tukunyarta, da kwat ɗinka da komai, don ta sami kai 'yarta rubuta jarrabawa a cikin gari ba. Masu saye sun yi ta tsokanarka cewa ludayinka ya fi nata cika, Talatu kuwa har yau cewa take ka kusa karya ta.

Gardamarmu a kan abu ɗaya ce. Dokar ƙungiya ta ba direkta ƙuri'a kamar kowa, kai kuwa ka ƙi amfani da ita. Za ka yi bayani, ka faɗi ra'ayinka ba ɓoye-ɓoye, amma da an ce a ɗaga hannu sai ka sa hannuwanka tsakanin gwiwoyi ka sunkuyar da kai. Na sha gaya maka wannan taurin kai ne, domin wanda ke kwana yana tashi da makaranta ya fi mu 'yan kasuwa sanin abin da ya dace da ita. Amsarka ba ta canzawa. Kakan ce zamanin da muke ciki ya koya wa mutane duban hannun babba kafin su ɗaga nasu, kuma uban da ɗansa ke ƙarƙashinka ba zai so ka gan shi yana saɓa maka ba. Wata rana da na matsa, ka ce mini: "Alhaji, in na ɗaga hannu, hannuna za ka ƙirga sau da yawa. Ni nasu nake son gani."

Sai ga ranar da nake tsoro ta zo. An umarci makarantu su fito da yara bakin titi don tarbar wani babban baƙo, bayan makonni ana koya musu rawa da waƙa. Ka tura ƙananan azuzuwa, ka riƙe 'yan ajin ƙarshe saboda jarrabawarsu ta matso. Magana ta kai sama, aka fara raɗe-raɗin za a rufe makarantar. Iyaye suka tsorata, kuma ban ga laifinsu ba, don wanda aka taɓa rushe wa gida ya san ba a wasa da hukuma. Wasu suka ce a sauke ka a ɗora Idi, matashin malamin da kai ka koyar da shi tun yana ɗan aji ɗaya.

Muka taru, aka ɗaga hannu, aka yi kunnen doki. Kowa ya juya yana dubanka. Ƙuri'arka ɗaya ta isa ta bar ka a kujerarka. Na bar wurin zamana na zo na durƙusa kusa da kai, ni da na girme ka, na roƙe ka don Allah ka ɗaga hannun nan ko sau ɗaya. Ka ce mini a hankali, wanda bai yi ƙuri'a a kan rufin aji ba, ba zai fara a kan kansa ba. Da aka sake ƙirgawa, mutum ɗaya ya canza, aka sauke ka. Na yi fushi da kai ranar fiye da yadda na yi da waɗanda suka sauke ka, na yi wata guda ban taka ƙofar gidanka ba.

Kai kuwa washegari ka miƙa wa Idi makullai, ka zagaya da shi aji aji, ka nuna masa inda rufi ke yoyo. Ka koma koyar da manya karatun Faransanci a zaurenka. Amma ba ka daina zuwa taro ba, domin autarka Kadidja tana makarantar. Ka koma bencin baya cikin iyaye. Idi ma, da yake ɗan hannunka ne, da an zo ƙuri'a sai ya sa hannu tsakanin gwiwoyi, har mutane suka riƙa cewa cutar gado ce.

Da ƙura ta lafa, na shiga bin mutane ɗaya bayan ɗaya don a maido ka. Ban shawarce ka ba, don na san halinka. Na dai ƙirga ka cikin nawa, tunda yanzu kai uba ne, ba ka da hujjar ɓoye hannu. Ranar taro ka jira kowa ya ɗaga nasa tukuna, don kada wani ya bi ka, aka sake yin kunnen doki. Na dube ka ina murmushi, na ce yau dai Allah ya kama ka. Sai ka miƙe ka ce: "Yau ni uba ne, zan yi ƙuri'a irin ta uba. Kadidja tana gane karatu a hannun Idi, lekol kuma, makarantar nan tamu, ta zauna lafiya. In aka canza direkta a tsakiyar shekara, yaranmu ne za su yi asara. A bar Idi." Ka ɗaga hannu.

Wannan ce kaɗai ƙuri'ar da na taɓa gani ka yi a makarantar da ka gina, kuma da ita ka kayar da kanka, ka kayar da ni. Idi ya sunkuya yana kuka a gaban jama'a. Ni kuwa na rufe taron ko addu'a ban iya ja ba, sai da liman ya karɓe ni.

Malam, har yau ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Ina nan a kan cewa ranar farko da ka ɗaga hannu, da ba ka yi laifi ba. Na so mu ƙarasa wannan gardama muna tsofaffi a kan tabarmar zaurenka, Allah bai nufa ba. Abin da na gani dai shi ne, a taronmu Talatu mai koko tana ɗaga hannu ta saɓa wa liman, ta saɓa mini, ba ta duban fuskar kowa. Ban san wani wuri a garin nan da ake haka ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa karatun da ka koyar ya zama sadaka mai gudana a gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hasanatu, da Kadidja da yayyenta, da Idi wanda shi ma uba ya rasa, da dukan jama'ar Zongo. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Kai da ka yi ta ɓoye hannunka saboda mu, Allah Ya ba ka littafinka a hannun dama. Mu kuwa yau duk mun ɗaga namu muna roƙa maka Aljanna, kuma ba wanda ya dubi na wani kafin ya ɗaga. Amin.