Saki uku a ƙarƙashin boksi

Duk wanda ya san Jiddo Isa ya san ba ya taka kuloci da takalmi. Ko motar gwamna aka kawo masa, sai ya tsaya ya cire takalminsa markub na hagu, ya miƙa wa duk wanda ke kusa ya riƙe masa. Yakan ce takalmi munafuki ne, yana shiga tsakanin ƙafa da gaskiya. Ni jikansa na riƙe takalmin nan har sai da hancina ya daina aiki.

Wata rana muna cikin hafla, motar haya, daga Umdurman za mu unguwar Mayo, direba na sa giya tana ƙara kamar ana yanka akuya da cokali. Jiddo ya leƙa daga kujerar baya.

"Ya walad, kulocinka iska ya sha."

"Ya Hajj, kai fasinja ne ko makanike?"

"Fasinja ne mai son ya isa gida da haƙoransa."

Ba mu gama haye gada ba feda ya kwanta a ƙasa ya ƙi tashi. Fasinjoji suka sauka turi. Jiddo kaɗai ya zauna a ciki, wai shi ya riga ya ba da nasa taimakon tun da baki.

Shi a wurinsa kuloci iyali ne. Silindar sama da ke bayan feda ita ce uwa, ta ƙasa da ke jikin giya ita ce 'ya. In mai ya jiƙa maka ɗan yatsan ƙafa a cikin mota, uwa ce ke kuka. In ya ɗiga a ƙasa, 'ya ce. In babu mai kuka amma feda ya yi laushi kamar tuwon asida, to iska ce ta shiga tsakaninsu. Sabuwar silinda kuwa bai taɓa saya ba, roba kawai yake canzawa. Wai ba a jefar da uwa don ta tsufa.

Sai ranar da duk unguwarmu ta Alsawra ba ta manta ba. Lokacin sojoji na kamen samari a titi, Kawu Bashir mai taka wa Jiddo feda ya gudu ƙauye ya ɓuya, ga kulocin boksin Jiddo, motarsa a-kori-kura, ya sha iska. Fitar da iska aikin mutum uku ne: mai taka feda, mai zuba man birki a sama, da mai kwance ɗan noti a ƙasa. Ni aka ba kwalbar mai. Takawa ta faɗa kan kakata Habboba Hauwa, matar Jiddo, wadda ba ta taɓa zama a kujerar direba ba.

"Sau uku zan taka," in ji ta. "Kisrata na kan wuta."

Jiddo ya shige ƙarƙashin mota, muryarsa kuwa ana jin ta har Bahri, tsallaken kogi.

"Taka. Riƙe. Hauwa, saki! Saki ɗaya ke nan."

"Ka dai yi ka gama, na gaji da kai."

"Saki biyu! Saura ɗaya ki huta, ni ma in huta."

A bayan katanga Hajja Batul maƙwabciya tana shanya. Da ta ji "saki uku" sai ta yar da kwando ta fita da takalmi ɗaya. Kafin Jiddo ya fito daga ƙarƙashin mota, gidanmu ya cika: mata na salati, wata ta fara naɗe wa Habboba kayanta, ga liman an jawo shi yana haki.

Liman ya tambaye ni abin da na ji. Na ce na ji uku cif, kuma da ƙarfi. Na ƙara da cewa in ta tabbata, ni zan auri Habboba, dama matata ce ya ƙwace. Babu wanda ya yi dariya.

A nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Jiddo, mutumin da ke gardama har da rediyo, ya tsaya da sifana a hannu, mai na ɗiga masa a gemu, yana kallon Habboba kamar yaron da aka manta a kasuwa.

"Malam," in ji shi a hankali, "da ƙafarta nake magana."

"Amma ka kira sunanta?"

"To ƙafar ba ta da suna."

Liman ya juya wurin Habboba. Ita kuwa ta gyara tobin da ta yafa, ta ɗauki lokaci kamar mai zaɓen zinariya, har na fara jin tsoro da gaske.

"Ni feda na saki," ta ce. "Shi bai isa ya sake ni ba. Wa zai nemo masa takalminsa?"

Liman ya ce babu niyya, babu lafazi, aure na nan daram. Jiddo ya zauna daɓas a ƙasa yana hamdala. Hajja Batul ta ce ita dai abin da kunnenta ya ji ta ji. Kisra ta ƙone ƙurmus, muka ci haka nan, Jiddo har da neman ƙari. Tun daga ranar, in ana fitar da iska a gidanmu, "taka" da "riƙe" ana yin su da Hausa, na ukun kuwa sai da Larabci.

Bara da zazzaɓi ya kwantar da shi, hannun Habboba yana cikin nasa har ƙarshe. Da aka gama zaman makoki na zo ina tsokanarta, na ce yanzu kam fili ya zama nawa. Ta ja mini kunne, ta ce sau ɗaya tak ya sake ta, shi ma sai da aka ɓanɓare masa yatsu.

Allah Ya jiƙan Jiddo Isa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya yafe masa ihunsa da gardamarsa. Ita kuma Allah Ya ba ta haƙuri, Ya mayar masa da ita a Aljanna.