Motar da Na Wanke

Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ɗana na biyu, wanda ƙannensa ke kira Yaya Direba, a gadon asibiti, bayan jinyar ciwon hanta ta wata huɗu. Shekararsa talatin da takwas. Wanda Ya ba ni shi Shi ne Ya karɓi abinSa, kuma can muka nufa mu duka. Ya bar matarsa da 'ya'ya mata biyu. Ni kuma ya bar ni da wata magana da na yi shekara biyu tana bakina ban faɗa masa ba: ban nemi yafiyarsa a kan wani laifi da na yi masa ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ɗana, sunan Direba ni na laƙaba maka, kuma ba don yabo ba. Sana'arka haɗa tabarau ce, ka kuma riƙe ta da amana. Tsofaffi nawa suka zo mini gaisuwa suna taɓa gilashin idonsu, suna cewa kai ka zaunar da su ka yi ta gyara musu har ya daina zamewa daga hanci. Amma da ka tashi daga shago, sai ka wuce ƙaramin ɗakin nan na kusa da kicin, ka zauna gaban tebur kana haɗa 'yan motocin tsere waɗanda ba su wuce tafin hannu ba. A kwali suke zuwa, gutsi-gutsi, fiye da guda ɗari. Ka yanke kowanne da reza, ka goge bakinsa, ka ɗauka da hantsaki, ka ɗiga gam da tsinken sakace. Mota ɗaya sai ta ci maka wata uku.

Na yi faɗa har na gaji. Na ce magidanci mai iyali ba ya wasan yara. Na ce direban tebur, motarka ko kaza ba za ta kai kasuwa ba. Sai ka yi murmushi ka ce, “Hajiya, ai ita kaɗai ce motar da ba ta taɓa tsaya mini a hanya ba.” Ban yi dariya a gabanka ba. Sai da na koma ɗaki.

Gaskiya ɗaya ce, kuma zan faɗe ta: na sa ido in kama ka da sakaci, ban kama ba. Ana kiran salla kake rufe kwalbar fenti. 'Ya'yanka ba su taɓa zuwa da aikin makaranta ka ce su jira ba. Wata rana na leƙo na tarar kana shafa jan fenti a bel ɗin kujerar direba da buroshin da bai fi gashin gira kauri ba. Na tambaye ka wa zai gani, tunda rufe motar za ka yi. Ka ce babu kowa, amma kai ka san yana ciki. Na ce da haka kake karatu a sakandare da yanzu kai likita ne. Haka bakina yake, ka sani.

Laifin ya faru ne lokacin da ka kai ni aka cire mini yanar ido. Ka hana ni komawa gidana, ka ce sai na warke. Sati biyu kana ɗiga mini magani da hannunka, safe da yamma, kana riƙe mini haɓa kamar yarinya. Da aka cire bandeji, duniya ta dawo mini tas, na shiga ganin datti a ko'ina. Wata safiya kana shago, matarka ta kai yara makaranta, na shiga ɗakin motocin da tsumma. A kan tebur akwai wata shuɗiya mai lamba goma sha bakwai. Taɓo ya fallatsa a gefenta, bakin salansa inda hayaƙi ke fita ya yi baƙi ƙirin, tayoyin sun koɗe, gilashin gaba ya yi dusu-dusu sai inda abin share ruwa ya bi. Na ce wannan ƙazanta ba a gidan ɗana ba. Na kai ta kicin, na sa garin sabulu da tsohon buroshin haƙori. Da baƙin ya ƙi fita, na ɗiga kananzir. Lambobin suka saɓule suka bi ruwa, madubi ɗaya ya ɓalle, fentin ya yi fari-fari. Na shanya ta a kan faranti.

Da ka dawo ka tsaya a kanta ka daɗe. Kunnenka na gani yana motsi, yadda yake yi tun kana ƙarami in kana haɗiye kuka. Sannan ka ce, “Sannu da aiki, Hajiya.” Ni kuwa na ɗora da wa'azi a kan tsafta.

Washegari matarka ta same ni, ta durƙusa, ta yi mini bayani a hankali. Ashe dattin nan duka da hannu ka zana shi. Taɓon fenti ne ka gauraya kala uku, ka fallatsa da bakin buroshi ɗigo-ɗigo. Baƙin salansa garin fensir ne. Tayoyin kai ka goge su don su yi kama da waɗanda suka sha titi. So kake motar ta fito kamar yanzu ta gama tseren yini guda, kuma saura kwana biyar ka kai ta wurin da ku masu wannan abu kuke haɗuwa kuna nuna wa juna. Wata huɗu ka yi a kanta.

A take na san na yi ɓarna. Amma an raine ni a kan cewa uwa ba ta ba ɗa haƙuri, ni ma haka na raine ku. Na ce wa matarka ai wanda ya zana datti shi ya jawo. Na dafa maka abin da kake so kwana uku a jere, ina ganin ya wadatar. Ba ka sake taɓa motar ba, ba ka kuma jefar da ita ba. Ka sa ta cikin kabad ɗin gilashi tare da sauran, a koɗe, ba lamba, madubi ɗaya. Duk zuwan da na yi gidanka sai mun haɗa ido da ita. Sau da yawa na shirya maganar tun a mota, in na iso sai in ji kaina ina tambayar me ya sa labule bai wanku ba.

Ranar Talata, jajibirin rasuwarka, na zo asibiti da niyyar ba zan fita ba sai na faɗa. Na zauna a bakin gado. Hannunka ya rame, yatsun nan masu aikin hantsaki ko kofi ba sa riƙewa. Na buɗe baki, sai na ji ina yi maka faɗa don ka bar abinci a kwano. Ka ce to, za ka ci. Na ce gobe zan dawo, akwai maganar da za mu yi. Ka ce Allah Ya kai mu.

Bayan an share makoki na kira matarka gefe, na tambaye ta ko ka taɓa yin maganar motar nan. Ba ta yi mini ƙarya don ta sanyaya mini rai ba, Allah Ya yi mata albarka. Ta ce sau ɗaya ne tak. Babbar 'yarku ta ce a ba ta ta yi wasa da ita tunda ta lalace, sai ka ce, “A'a. A cikin motocina duka, ita kaɗai ce Hajiya ta taɓa ɗauka a hannunta.”

Na juya wannan magana dare da rana. Ban san ko yafiya ce ba, ban san ko ƙorafi ne ba, kuma wanda zai faɗa mini ya tafi. Abin da na sani shi ne shekara ashirin kana kirana in zo in gani, ina cewa ina da abin yi. Yau ina so ka zaunar da ni a wannan ɗaki, ka nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, ka yi ta bayanin inji da birki har ka gaji, ni kuwa ba zan ce uffan ba.

Iyaye 'yan'uwana, na saba yi wa mutane faɗa, yau da kaina zan fara. Girman uwa ba ya raguwa don ta ce wa ɗanta ta yi kuskure. Haƙƙi haƙƙi ne ko na wanda ka haifa ne. Tunda na kasa faɗa a ɗaki mu biyu, zan faɗa inda kowa zai karanta. Ɗana, na ɓata maka aikinka, na kuma ɗora maka laifin. Ban kyauta ba. Ka yi haƙuri. Ni dai ban riƙe ka da komai ba, duniya da lahira.

Ya Allah, Kai ne Mai isar da abin da bawa ya kasa isarwa. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka saka masa haƙurin da ya yi da ni da gidan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, wadda ta yi jinyarsa ba ta taɓa ɗaga murya ba, da jikokina biyu, da yayarsa da ƙannensa, da abokan aikinsa na shago, da abokansa masu haɗa motoci da suka zo suka cika mana ƙofar gida. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari. Idan tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani, Ya haɗa ni da shi inda zan faɗa masa da bakina, in ji amsarsa. Amin.

Mahaifiyarsa