Gammona a Ƙarƙashin Bindiga

Shekara biyu kafin Faransawa su miƙa mulki, maigidana ya dawo Hamdara daga aikin soja da hannun hagu wanda ba ya miƙewa sosai. Kwamandan Zinder ya ba shi takardar riƙe bindiga, amma ya rataye bindigar a ɗaki, ko kallonta ba ya yi.

Da daminar nan gaduna suka sako gonakin gyaɗarmu gaba. Dattawa suka ce ai ga soja a gari. Sau biyu yana fita, sau biyu yana kuskure. Ya dawo ya ƙi cin tuwo.

Washegari ina shirin zuwa rijiya ya ce, "Ke, ajiye tulun nan. Ɗauko mini tsohon faifai da gawayi."

Muka fita bayan gari. Ya yi baƙin ɗigo a tsakiyar faifan, ya jingina shi da jikin tudu, ya ƙirga taku ɗari. Ya kwanta, ya ɗora bindigar a kan dutse. Harbi uku, kowanne da inda ya nufa.

"Hannun ne, Maigida?"

"Ba shi kaɗai ba. In ƙarfe ya hau abu mai tauri, tsalle yake yi. A bariki buhun rairayi muke sawa."

Gammona yana kaina, na manta ban cire ba. Na miƙa masa ina jin kunya. Ya juya shi, ya danna da babban yatsa, ya shimfiɗa a kan dutsen. Wannan karon katakon bindigar ya ɗora, ba bakinta ba.

Ya sake harbi, harsashi uku suka faɗa wuri guda, tafin hannu zai rufe su, sai dai duk hagu da ɗigon.

Ya daɗe yana kallon faifan. "Ashe idona na nan," in ji shi. "Ita ce ta karkace."

Da ƙotar wuƙa ya ɗan doki ƙarfen aunawa da ke bakin bindigar, ya matsa da shi hagu kamar faɗin zare. Harbi na gaba ya ci gefen gawayin.

Cikin mako guda ya kayar da gadu biyu, sauran suka ƙaura. Mun tona gyaɗa a shekarar, alhamdu lillahi. Amma abin da na fi gode wa Allah shi ne ranar kasuwar da na hango shi a ƙofar gida cikin tsaransa, yana ba su labarin jirgin ruwan da ya shiga a aikin soja, suna ta dariya. Tun dawowarsa ban taɓa ganin ya zauna cikin mutane ba.