Zaren Golmo

Aikina a wancan ofis kallon ɗigo ne. Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauke ni a lokacin da mutanen ƙauyukan Sakaba suka fara kwararowa Zuru da tabarmi a ka, suna gudun 'yan bindiga. Ni 'yar soja ce, a bariki na tashi, na ɗan taɓa karatun kwamfuta. Sai aka zaunar da ni gaban na'ura, aka ce in riƙa lura da wane ne na wane.

Bayanan ba a cikin kwamfutarmu suke ba. Suna can cikin manyan na'urori a wata ƙasa, ta intanet muke leƙa su, wai a gajimare suke. Sunan ya dace, don da hadari ya haɗo sabis yake ɗaukewa, mu zauna muna kallon juna.

Waɗanda suka gina tsarin a Abuja sun zauna sun yanke irin abubuwan da ke akwai a duniya: mutum, gida, ƙauye, gona, sansani. Suka kuma yanke irin dangantakar da za ta iya shiga tsakani: ɗan wane, matar wane, ƙanin wane. Wannan tsarin suke kira ontoloji. A fuskar kwamfuta kowane mutum ɗigo ne, kowace dangantaka zare ce. In na taɓa ɗigo ɗaya sai zaruruwa su bazu, in ga uwa, in ga 'ya'ya, in ga ƙauyen da aka bari. Kore na nufin mutum yana raye an san inda yake, ruwan ɗorawa an ɗauke shi ko ya ɓace, ruwan toka ya mutu. Duk ranar da launin mutum ya canza, tsarin yakan bi zare ya fitar da waɗanda za a je a gaya wa. Wanda babu zare tsakaninsa da mutumin, babu mai gaya masa komai.

Akwai kuma wata doka. Kowane ofis mutanensa kawai yake gani a buɗe, saboda tsoron masu kai wa ɓarayin daji labari. Mutumin da ofishin Dirin Daji ya shigar, ni sunansa kawai zan gani a kan farin ɗigo marar launi, sai fa in akwai zaren da ya haɗa shi da wani na wajena. Ban taɓa ganin laifin dokar ba. Na san abin da tsegumi ya jawo wa wasu gidaje.

Wata ranar kasuwa, farkon damina, wata budurwa ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa. Doguwa ce, da kantar fartanya a hannu, tana zaune da babanta a makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira. Ta gaishe ni da yarenmu na C'lela, da ta ji nawa yana ɗingishi sai ta koma Hausa.

"Anti, wani nike nema. A gonar babana anka ɗauke shi."

Ta faɗi sunansa da na ƙauyensu. Na same shi, fari fat. Ta ce lalle uwarsa ce ta ba da sunansa a Dirin Daji, can suka gudu.

"Mijinki ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Golmo shikai."

Ba sai ta yi mini bayani ba. A wajenmu saurayi ba ya zuwa da baki kawai ya ce yana so. Shi da abokansa za su noma gonar uban yarinya, damina bayan damina, shekaru, kafin a ba shi ita. Babana ya yi wa kakana kafin ya shiga soja, har ya tsufa yana yi wa mamata gorin bayansa da ya sage. Wannan saurayin ya kusa kammalawa. Yana cikin huɗa a gonar surukinsa masu babura suka zo.

Na buɗe jerin dangantaka na bi shi daga sama har ƙasa, alhali na san abin da ke ciki. Akwai auren coci, akwai na masallaci, akwai na kotu, akwai na gargajiya. Babu wurin mutumin da ya ba da ƙarfinsa na shekaru amma ba a kai masa amarya ba. A wurin tsarin, ita da shi ba su taɓa haɗuwa ba.

Na ce mata, "Ƙanwata, bari in sa auren gargajiya mana, mu wuce wurin."

Ta ɗago da sauri. "A'a. Ba a kai ni ba tukuna. In kin rubuta haka, aikin da ya rage mai fa? Shi za ya zo ya ƙare abinshi."

Raina ya ɓaci, don ni mai son a yi a gama ce. Amma ban iya yi mata musu ba. Ko da ta yarda ma, auren gargajiya sai da shaidar uba, tsohon kuwa ba zai ce an yi abin da ba a yi ba.

Na buga wa ofishin Dirin Daji waya. Mutumin can ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "Ita mi ce ce a wurinshi?" Na yi bayani. Ya ce ya gane, shi ma ɗan ƙasar ne, amma ba ya faɗin halin mutum ta waya ga wanda tsarin bai haɗa su ba, an taɓa kiran su da muryar kuka ashe ɗan leƙen asiri ne. Ita kuma ba ta iya zuwa da kanta. Hanyar ba ta biyuwa a lokacin, kuma budurwa ba ta taka gidan uwar saurayi kafin a kai ta.

Saura hanya ɗaya, a ƙara sabon zare a cikin tsarin. Ogana ya haɗa ni da masu ginin ta bidiyo. Wani matashi mai gilashi ya ce, "Kamar baiko ke nan?" Na ce masa baiko yini ɗaya ake yinsa a ci shinkafa a watse, wannan kuwa mutum ne ya tsufa a gonar wani. Na ɗaga murya fiye da kima, oga yana ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Matashin bai yi fushi ba. Ya ce ya yarda, amma sabuwar dangantaka tana taɓa dukkan ofisoshi, sai an gwada, sai manya sun sa hannu. Ya ce in yi haƙuri. Kalmar nan ta ishe ni a shekarar.

Ita kuwa ba ta fasa zuwa ba. Duk ranar kasuwa tana nan a kan benci. Ta koyi gane ɗigonta, kore, zare ɗaya tak zuwa ga babanta. Takan ce in jawo nasa kusa da nata, in jawo, su tsaya gefe da gefe ba abin da ya haɗa su. Wani lokaci ta ba ni labarinsa, wai ba ya iya waƙar noma, abokansa suna yi masa dariya, amma in ana huɗa kunyarsa ta fi ta kowa miƙewa. Na tsani ranakun kasuwa. Na tsani farin ɗigon nan kamar in sa yatsa in kankare shi. Gero ya yi kai, ya nuna, aka yanke a inda ake iya yanka.

Da kaka saƙo ya zo cewa an ƙara. Na buɗe jerin, ga shi nan a ƙasa, golmo, da ƙananan baƙaƙe. Na yi murna, wallahi na yi murna, har na aika a kira ta ba ranar kasuwa ba. Ta zo da babanta don ya shaida. Tsohon ya ce e, yaron yana yi masa golmo, kuma bai taɓa saɓa rana ba.

Ta jawo kujera kusa da ni. Na taɓa ɗigonta, na ja zaren, na sauke a kan nasa. Na'urar ta ɗan yi tunani. Zaren ya kama, farin ɗigon ya buɗe, ya zama ruwan toka.

Ta san launukan, ni na koya mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yaushe?"

Na karanta mata abin da ke gefe. An tsinci gawarsa a bakin wani rafi tun tsakiyar damina. An gaya wa uwarsa da ƙannensa a makon, an binne shi a Dirin Daji. Na san tana lissafa ranakun kasuwar da ta zauna a kan bencin nan tana ba ni labarin kunyarsa. Tsohon ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Kafin wani ya yi magana, wani ɗan akwati ya faɗo a kusurwar fuskar kwamfutar. Tsarin ya bi sabon zaren, ya fitar da sunanta a cikin waɗanda za a je a yi wa ta'aziyya, ya kuma ɗora aikin a kaina.

Na ce, "Ƙanwata, in kina so in cire zaren, zan cire."

Ta daɗe tana kallon ɗigon nan biyu. Sannan ta miƙe ta gyara ɗankwalinta.

"Bar shi, Anti. Ya biya."

Ta kama hannun babanta suka fita, ni kuma na danna cewa an sanar da ita.